Superman a Kan Zinari: Labarin Sulallan da Ba a Kai Su Kasuwa

A shekarar 2013 masana'antar buga kuɗi ta ƙasar Kanada ta fitar da wani sulai na zinari. A gefe ɗaya akwai hoton Sarauniya Elizabeth ta Biyu, kamar sauran kuɗin ƙasar na wancan lokaci. In ka juya ɗaya gefen kuwa, sai ka yi ido huɗu da Superman, jarumin nan mai alkyabba da harafin S a ƙirji. An rubuta dala 75 a jikinsa, kuma guda 2,000 kacal aka buga a duk duniya.

A wajen doka wannan sulai kuɗi ne na gaske. Amma babu mai hankalin da zai kai shi kanti ya ce a ba shi burodi da madara, domin zinarin da ke cikinsa kaɗai ya ninka dala 75 ɗin sau da dama. Masu sayensa cikin akwati suke ajiye shi, wasu ma ba su taɓa bari yatsansu ya taɓa fuskarsa ba.

To me ya sa gwamnati za ta buga kuɗin da ba ta so a kashe? Me ya haɗa zinari da jaruman littattafan zane, da 'yan ƙwallo, da masu tsere? Kuma in wani ya tura muku hoton irin wannan sulai a waya ya ce zai sayar muku da araha, ta yaya za ku gane gaskiyarsa? Ɗalibai, ku gyara zama, domin cikin wannan ɗan ƙaramin ƙarfe akwai tarihi, akwai kimiyya, akwai kuma lissafi.

Me ya kai Superman Kanada?

Matasa biyu ne suka ƙirƙiri Superman: Jerry Siegel mai rubuta labari, da Joe Shuster mai zane. Sun haɗu suna makarantar sakandare a birnin Cleveland na Amurka, wato suna kamar shekarunku. Shi Shuster a Toronto ta Kanada aka haife shi a 1914, shi ya sa Kanada ke cewa ita ma tana da kaso a jarumin. Superman ya fara fitowa a mujallar Action Comics ta farko a 1938, kuma cikarsa shekara 75 ne aka buga wa sulan da muka ambata.

Akwai darasi mai ɗaci a labarin. Samarin biyu sun sayar da haƙƙin mallakar Superman a kan dala 130, suka raba tsakaninsu. Ita mujallar kuma santi 10 aka sayar da ita a lokacin. A watan Afrilun 2024 an yi gwanjon kwafi ɗaya nata a kan dala miliyan 6. Duk wanda ke zane a bayan littafin darasinsa, ko yake rubuta labari yana ɓoyewa, ya riƙe wannan: kada ka sa hannu a takardar sayar da aikinka sai wani babba mai sani ya karanta maka ita.

Amurka, inda jarumin ya girma, ta daɗe ba ta sa shi a kuɗinta ba. Sai a 2025 masana'antar buga kuɗinta ta fara fitar da sulallan zinari masu hoton jaruman kamfanin DC, ta fara da Superman.

Ɗan ƙaramin jarumin Faransa

Idan ana maganar ɗora jaruman zane a kan kuɗi, Faransa ta yi nisa. Masana'antar kuɗinta, Monnaie de Paris, an kafa ta tun shekarar 864, kuma har yau tana aiki. Ku lissafa da kanku ku ga shekarunta. Wannan tsohon gida ya buga sulallan azurfa da na zinari masu hoton Mickey Mouse, da 'yan shuɗayen halittun nan da ake kira Smurfs, da kuma Astérix.

Astérix gajeren mutum ne mai gashin baki da hula mai fukafukai. René Goscinny da Albert Uderzo ne suka fito da shi a mujallar Pilote a watan Oktoban 1959. Labarinsa na wani ƙauye ne da ya ƙi miƙa wuya ga sojojin Rum, saboda bokan ƙauyen yana dafa wani tsimi mai ba da ƙarfi. A 2019, da ya cika shekara 60, Faransa ta buga masa sulan Yuro 2 na musamman.

A wajen Astérix ne zane da wasanni suka haɗu tun da daɗewa. A 1968, shekarar da aka yi gasar Olamfik a Meziko, aka fitar da littafin da ya tafi gasar Olamfik ta zamanin da a Girka. Can aka gaya masa doka ta hana shan duk wani abin ƙara ƙarfi, sai ya shiga tsere da ƙarfin jikinsa. Abokan karawarsa Rumawa suka saci tsimin suka sha, ba su san an zuba masa shuni ba. Suka riga shi isa, amma harsunansu suka yi shuɗi, asiri ya tonu, aka kore su. Littafin ban dariya ne, amma matsalar da ya taɓo, wato shan ƙwayoyin ƙara kuzari, har gobe tana damun duniyar wasanni.

Beljiyam ma ta karrama nata ɗan, Tintin, matashin ɗan jarida mai farin kare, wanda Hergé ya fara zanawa a 1929. A 2004 ta buga masa sulan azurfa na Yuro 10. Sai dai akwai abin da sulai ba ya faɗa. Littafin da Tintin ya je Kwango, wanda ya fito a 1931 lokacin da Beljiyam ke mulkin mallakar ƙasar, ya zana baƙar fata cikin siffar raini, kuma an daɗe ana sukarsa a kan haka. Mai buga sulai yakan zaɓi abin da yake so a tuna. Aikin mai karatu ne ya nemo sauran labarin.

Tsibirin da ya fi kowa jarumai

A can cikin tekun Fasifik akwai wani tsibiri mai suna Niue. Mutanensa ba su kai 2,000 ba, wato wata babbar makarantar sakandare a Kano ko Zariya ta fi shi yawan jama'a. Amma da sunan wannan tsibiri aka buga sulallan Pokémon a 2001, da na Star Wars a 2011, da na jaruman Disney daga 2014, ciki har da na zinari.

Ga yadda abin yake. Kafin a kira ƙarfe kuɗi, dole wata ƙasa ta amince da shi a hukumance. In babu wannan amincewa, sunansa lamba ko abin ado kawai. To masu tara sulalla sun fi son abin da ke da sunan kuɗi. Sai kamfanin buga sulalla ya nemi izinin masu mallakar jarumin, ya nemi izinin wata ƙaramar ƙasa, ya buga, ya sayar wa duniya, ita kuma ƙasar ta karɓi kasonta. Haka masana'antar Perth ta Ostireliya ta buga sulallan Spider-Man da Black Panther da sunan ƙasar Tuvalu. Mutanen Niue kuwa, idan za su yi cefane, dalar New Zealand suke kashewa.

Wasanni sun riga su hawa

Jaruman zane baƙi ne a kan kuɗi idan aka kwatanta su da 'yan wasa. A shekara ta 356 kafin haihuwar Annabi Isa, dokin Sarki Filibus na Biyu na Makidoniya, mahaifin Iskandar Mai Girma, ya lashe tsere a gasar Olamfiya. Sarkin ya sa aka buga kuɗin azurfa masu hoton mahayi a kan doki, da na zinari masu hoton keken dawaki. A zamanin da babu jarida balle rediyo, kuɗi ne ke yawo hannu zuwa hannu yana ba da labarin nasarar sarki.

A gasar Olamfik ta zamani, Finlan ce ta fara buga sulan tunawa, na azurfa, domin gasar Helsinki ta 1952. Kanada kuma ta buga sulan zinari na dala 100 domin gasar Montreal ta 1976, tare da jerin sulallan azurfa 28. Manufar ita ce a tara kuɗin gudanar da gasar. An sayar, an samu kuɗi, amma kashe-kashen gasar sun wuce tunani, har sai a 2006 aka gama biyan bashin babban filin wasan, shekara 30 bayan an tashi.

Ƙwallon ƙafa ma ba a bar ta a baya ba. Afirka ta Kudu ta buga sulallan zinari domin gasar cin kofin duniya ta 2010, wadda ita ce ta farko da aka yi a nahiyarmu. Rasha ta fitar da takardar kuɗi mai hoton shahararren golanta Lev Yashin a 2018, Katar kuma ta fitar da takardar riyal 22 domin gasar 2022.

Wani abin da zai ba ku mamaki shi ne, lambar zinari da ake rataya wa zakaran Olamfik ba zinari zalla ba ce. Rabon da a ba da ta zinari zalla tun gasar Stockholm ta 1912. Ta yanzu azurfa ce aka lulluɓe da zinari. Ta gasar Paris ta 2024, wadda Monnaie de Paris ta ƙera, nauyinta giram 529, zinarin cikinta giram 6 ne, kuma a tsakiyarta an dasa giram 18 na tsohon ƙarfen hasumiyar Eiffel. Ke nan ƙaramin sulan zinari mai nauyin oza ɗaya ya ninka lambar zakaran duniya yawan zinari har sau biyar. Duk da haka ku tambayi kowane ɗan wasa wanne zai zaɓa.

'Yar shekara tara da ta zana kuɗin Ingila

Kafin gasar Olamfik ta Landan ta 2012, masana'antar kuɗin Birtaniya ta buɗe gasa ga jama'a: kowa ya zana wasa ɗaya, wanda ya yi nasara a buga zanensa a kan sulan fani 50. Aka zaɓi zane 29, kowanne na wasa daban. Ɗaya daga cikinsu na wata yarinya ce 'yar shekara tara, Florence Jackson, wadda ta shiga ta wani shirin yara na talabijin ɗin BBC, ta doke dubban yara da zanenta na mai tsallen sama yana ƙetare sanda. Waɗannan sulalla ba na zinari ba ne, an sake su kasuwa ana kashewa, amma an buga wa waɗanda suka yi nasara kwafin zanensu da zinari.

Biyu daga cikin sulallan sun yi suna. Na ƙwallon ƙafa zane ne da ke bayanin dokar satar gida, wadda kullum ake musu a kanta a gidajen kallon ƙwallo. Na ninƙaya kuma, a bugun farko layukan ruwa sun ratsa ta kan fuskar mai iyo. Daga baya aka gyara zanen aka fito da fuskar sarai. 'Yan kaɗan ɗin da suka fita kafin gyaran sun zama abin nema, har masu tarawa ke biyan ɗaruruwan fam a kan sulan da bai wuce rabin fam ba. Babu ko ƙwayar zinari a jikinsa. Ƙarancinsa ne ya ba shi tsada.

Yadda ake buga shi

Aikin yakan fara ne da fensir. Mai zane ya zana, masu jarumin su duba ko an yi masa hanci da ido daidai, hukumar ƙasa ta sa hannu. Sai a mayar da zanen cikin kwamfuta, inji ya sassaƙa shi a jikin baƙin ƙarfe mai tsananin tauri, a juye, kamar yadda rubutun hatimi yake. Hatimi biyu ake yi, na gaba da na baya.

A ɗaya ɓangaren ana narkar da zinari, wanda sai zafi ya kai digiri 1,064 a ma'aunin salshiyas yake narkewa. A zuba shi, a murje shi ya zama falle, a yanko shi zagaye-zagaye, a auna kowanne, a goge shi. Sai a sa shi tsakanin hatiman biyu, inji ya danna da nauyin tan masu yawa.

Sulan kashewa sau ɗaya ake danna shi, inji na zubar da ɗaruruwa a minti guda. Na masu tarawa kuwa ɗaya bayan ɗaya ake yinsa, a danna shi sau biyu ko fiye, har filinsa ya yi ƙyalli kamar madubi, hoton kuma ya fito da ɗan dishi-dishi. Ma'aikaci ya ɗauke shi da safar hannu, ya duba, ya rufe shi cikin roba mai haske, a haɗa shi da takardar shaida mai lamba.

Ku zo mu yi lissafi

Kowane sulai irin wannan yana da farashi uku, kuma wanda ya kasa bambance su shi ake cuta.

Na farko shi ne adadin da aka rubuta a jikinsa. Wannan yawanci suna ne kawai. Babban misali shi ne ƙaton sulan da Kanada ta buga a 2007, mai nauyin kilo 100, wanda aka rubuta wa dala miliyan 1 alhali zinarinsa ya ninka haka. Ɓarayi sun sace ɗaya daga gidan tarihi na Bode da ke Berlin a 2017, kuma ba a sake ganinsa ba. Wanda Ostireliya ta ƙera ma ya fi shi, ya ɗan haura tan ɗaya, faɗinsa santimita 80.

Na biyu shi ne kuɗin ƙarfen da ke cikinsa. Ana auna zinari da oza ta musamman mai giram 31.1, ana kuma auna tsarkinsa da karat. Karat 24 shi ne zalla. Karat 22 na nufin kashi 22 cikin 24 zinari ne, wato kusan kashi 91.7 cikin ɗari. Karat 18 kashi 75 ne, karat 14 kuma kusan kashi 58.3. Ragowar azurfa ce ko jan ƙarfe, ana ƙara su domin zinari zalla yana da laushi. Misali, Krugerrand na Afirka ta Kudu, wanda aka fara bugawa a 1967, karat 22 ne, nauyinsa giram 33.93, amma zinarin da ke ciki oza ɗaya ce cif.

Ga aikin aji: a ce an kawo muku sulai mai nauyin giram 12, karat 14. Giram nawa ne zinarinsa? Ku ninka 12 da 14, ku raba da 24. Amsa giram 7. Sai ku nemi farashin giram ɗaya na ranar ku ninka da 7. Abin da ya fito shi ne abin da maƙerin zinari zai duba in an kai masa, ko Superman ne a jiki ko babu kowa. Farashin kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Oza ɗaya ta haura dala 2,000 a karon farko a watan Agustan 2020, ta haura 3,000 a Maris ɗin 2025, ta haura 4,000 a Oktoban shekarar. Amma yakan faɗi ma: bayan tashin da ya yi a 2011, ya sauko ya yi shekaru bai koma ba.

Na uku shi ne abin da mai sha'awa zai iya biya. Abubuwa uku ke tsayar da shi: yawan da aka buga, lafiyar sulan, da yawan masu nema. Wani sulan zinari na Amurka na dala 20, bugun 1933, an yi gwanjonsa a 2021 a kan dala miliyan 18.9, domin shi kaɗai ne irinsa da doka ta yarda wani mutum ya mallaka. Irin wannan labari ne ke ruɗin mutane su ɗauka duk sulai zai yi tsada. Gaskiyar ita ce, sabon sulai mai hoton jarumi ana sayar da shi sama da kuɗin zinarinsa, domin an ɗora kuɗin aiki da na akwati da na masu mallakar jarumin. In yayin jarumin ya wuce, mai shi zai iya kai shi kasuwa a taya masa kuɗin ƙarfe kawai. Shi ya sa mai neman ajiyar dukiya ya fi sayen zinarin da ba shi da ƙarin ado, mai sha'awa kuma ya sayi na jarumai don ransa yana so.

Araha ba ta ado

Inda duk zinari yake, macuta na kusa. Dabarunsu kaɗan ne, suna ta maimaita su. Wani zai nuna sulai mai ruwan zinari ya kira shi zinari, alhali tagulla ce aka shafa wa ɗan abin da bai kai kaurin gashi ba. Wani zai ce guda kaɗan suka rage, a yi maza a tura kuɗi. Wani kuma zai ce wai tsohon kwabon gidanku ana nemansa a ƙasar waje a kan miliyoyi, amma sai an fara biyan kuɗin rajista. Duk wanda ya ce ka biya shi kafin ya saya a wajenka, ka san inda ya dosa.

Kimiyyar da kuke koya a aji tana maganin wasu daga cikinsu. Maganaɗisu ba ya kama zinari, saboda haka in sulai ya manne masa, magana ta ƙare. Amma rashin mannewa ba shaida ba ce, don tagulla ma ba ta mannewa. Gwajin da ya fi shi ne na nauyi. Kowane kubik santimita ɗaya na zinari giram 19.3 ne, na dalma 11.3, na azurfa 10.5, na jan ƙarfe kusan 9. Ke nan jabun da aka yi daidai girman na gaske zai fi shi sauƙi a sikeli, wanda aka yi daidai nauyinsa kuma zai fi shi kauri ko faɗi. Masana'antun gaskiya suna bayyana nauyi da faɗin kowane sulai, sai a auna a gwada. Wani ƙarfe da ke kusa da zinari a nauyi shi ne tangistin, shi ya sa manyan dillalai ke amfani da na'urori na musamman.

Ƙa'idar ɗalibi dai ɗaya ce: kada ka tura wa baƙo kuɗi, ko hoton katin banki na iyayenka, saboda hoton da ka gani a waya.

A fara daga gida

Babu wanda ke tsammanin ɗan aji huɗu zai sayi sulan zinari da kuɗin tara. Amma tara sulalla ba sai da zinari ba. Ku tambayi kaka ko kakanku ko akwai sauran kuɗin da a cikin adaka ko tsohon kwano.

Za ku iya dacewa da anini, ɗan ƙaramin sulai mai huda a tsakiya da tauraro da rubutun Larabci, wanda Turawan mulkin mallaka suka fara bugawa a 1907. Anini goma ke yin kwabo. Kwabo uku taro, shida sisi, goma sha biyu sule, sule ashirin fam guda. Da aka kawo naira ranar 1 ga Janairun 1973, fam ɗaya ya koma naira biyu, sule kuma kwabo goma. Wasu gidajen ma suna da azurfar nan mai hoton Maria Theresa ta Ostiriya, wadda fatake suka yi ciniki da ita. Kada shekarar 1780 da ke jikinta ta ruɗe ku, domin an ci gaba da buga ta da wannan shekarar har bayan wucewar ƙarni biyu. Na baya-bayan nan su ne sulallan 2007: kwabo 50, naira 1 mai hoton Herbert Macaulay, da naira 2 mai hoton ginin Majalisar Tarayya.

'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram su duba sulallan sefa da ke aljihunsu. Alamar nan mai kama da kifi mai bakin zarto siffar wani ma'auni ce da mutanen Akan ke auna garin zinari da shi. Ita kanta kalmar zinari daga dinari ta samo asali, sulan zinari mai kimanin giram 4.25 wanda Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya daidaita bugunsa a shekara ta 77 bayan Hijira.

In kun samu, ga yadda ake kula da su. A riƙe sulai ta gefensa, domin gumin yatsa na barin tabo. Kada a goge shi da toka ko yashi ko lemun tsami, gogewa tana kashe darajarsa a wajen masu tarawa. A nannaɗe kowanne daban a takarda mai tsabta, a ajiye inda babu laima. A sami ɗan littafi a rubuta ƙasa, da shekara, da hoton da ke jiki, da wanda ya bayar, da labarin da ya faɗa a kansa. Kuma a nemi izini kafin a ɗauka, kada a ce mu muka aike ku.

Wa za ku ɗora?

Ƙasashen da muka zagaya sun ɗora jarumansu a kan zinari ne domin suna so 'ya'yansu da sauran duniya su tuna da su. Mu ma ba mu rasa na tunawa ba. A gasar Olamfik ta Atlanta ta 1996 Chioma Ajunwa ta yi dogon tsalle na mita 7.12 ta ciyo wa Nijeriya zinari, ƙungiyar ƙwallon ƙafa kuma ta doke Ajantina da ci 3 da 2 a wasan ƙarshe, da 'yan Kaduna irin su Garba Lawal da Tijjani Babangida da Daniel Amokachi a cikinta. Nijar tana da Issaka Daboré da ya ci tagulla a damben zamani a 1972, da Abdoul Razak Issoufou Alfaga da ya ci azurfa a tekwando a 2016. Ga dambenmu na gargajiya da kokawa da langa. A fagen labari kuma ga Gizo da Ƙoƙi, waɗanda suka riga Superman zuwa duniya da nisa.

Saboda haka ga aikin wannan mako. Ku kifa kofi a kan farar takarda ku zagaye shi da fensir sau biyu, da'ira ɗaya gaba, ɗaya baya. Ku zaɓi jarumi ɗaya da wasa ɗaya. Ku yanke shawarar adadin da za a rubuta, da nauyinsa, da karat ɗinsa, sannan ku lissafa giram nawa na zinari zai ci. Ku tuna filin ƙarami ne, zane mai tarkace ba ya fita a kan sulai. In kun gama ku kai wa malamin zane ko na lissafi ya duba, a liƙa waɗanda suka fi kyau a allon sanarwar makaranta. Florence Jackson ma da takarda da fensir ta fara.